Zoɓo, Kanwa da Gishirin Keana

Shekarata ashirin da ɗaya lokacin da aka turo ni Lafia koyarwa, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki. Ni ɗan Kwandere ne, gida ba wani nisa, amma mahaifina ya ce malamin makaranta ba ya shiga aji da taɓo har gwiwa. Sai ya nema mini ɗaki a cikin gari, a gidan wata dattijuwa 'yar ƙabilar Alago da suka saba a kasuwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna ɗakunan mazajensu. Gishiri take sayarwa, wanda 'yan uwanta ke kawo mata daga Keana, garin da aka haife ta. Mama nake ce mata, ita kuma tun ranar farko ta sa mini Ticha, har na bar gidan ban ji ta kira ni da wani suna ba. Hausarta ta kasuwa ce, namiji da mace duk "shi" ne a bakinta, amma ba ta taɓa rasa abin faɗa ba.

Hedimasta, wani dattijo mai tsare gida wanda ba a cika ganin haƙoransa ba, ya ba ni aji shida, ya ce har da darasin kimiyya. Ya kai ni ofis ya nuna mini wani ɗan akwatin katako da wanda na gada ya bari. A ciki akwai siraran kwalaben gwaji guda biyu, ɗaya ta tsage, sai wani ɗan kundin takardar litimos, wadda ake tsomawa a ruwa ta canja launi. Damina ta riga ta jiƙa ta, ta manne wuri ɗaya, ta zama kalar ƙasa. Kayan kimiyyar makarantar ke nan gaba ɗaya.

Ban damu ba, domin a kwaleji hadda muka yi. Ina iya karanto shafi guda ba tare da na duba ba: cewa abubuwa masu narkewa a ruwa iri biyu ne manya, asid da alkali, cewa asid yana mai da shuɗin litimos ja, alkali kuma yana mai da jan shuɗi, in kuma suka haɗu sai kowa ya kashe ƙarfin ɗan uwansa. Da wannan na ci jarrabawa, da shi kuma na shiga aji ranar Litinin.

Na rubuta kalmomin biyu a allo da manyan baƙaƙe. Ina juyowa na ga yara suna ƙunshe dariya. Wani dogo a bayan aji, wanda gemu ya fara tsiro masa, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, alƙalin gari ne yake narkewa a ruwa?"

Aji ya ɓarke da dariya. Na yi bayani cewa wannan kalmar Turanci ce, ba ruwanta da mai shari'a. Na karanto musu maganar shuɗin litimos da ja, suka kwafa a littattafansu, na sa suka maimaita sau uku. Ina shirin share allo sai wata yarinya ta miƙe. Mata uku ne kawai a ajin, ita ce ƙaramarsu, 'yar wani manomi ɗan ƙabilar Eggon, tana zuwa da ƙafa daga bayan tashar jirgin ƙasa. Ba ta cika magana ba.

Ta ce, "Malam, kai ka taɓa gani?"

Na ce, "Ganin me?"

"Shuɗin ya koma ja."

Ba da raini ta yi tambayar ba, so take ta ji yadda abin yake. Na ce mata ta zauna, lokaci ya ƙure. Amma duk hanyar gida maganar tana cina, domin amsar ita ce a'a. Ban taɓa gani ba. Ina koya wa yara talatin da wani abu maganar da ni ma ji na yi.

Kwana uku bayan haka, da la'asar, ina zaune a tsakar gida a kan turmi ina duba littattafan yara, Mama tana girki a gefena. Bazara ce, zafi ya hana kowa zaman ɗaki. Miyar zoɓo take so ta yi, ba ta samu farin a kasuwa ba sai ta sayo jan. Ta tafasa shi, ta juye a wata farar tasa, ruwan ya yi jawur kamar jinin rago. Sai ta ɗauko kofin da ta jiƙa kanwa a ciki ta tsiyaya.

Tasar ta yi wata ƙara kamar an watsa ruwa a garwashi, kumfa ya taso. Da kumfan ya kwanta, babu ja. Ruwan ya koma kore mai duhu, irin na kududdufin da ya daɗe. Ban san lokacin da na miƙe ba, littattafai suka zube ƙasa.

Na ce, "Mama, me kika yi?"

Ta dube ni, ta dubi tasar. "Kanwa na zuba. Shi ne yana kashe tsami. In ban zuba ba, haƙorinka zai mutu."

"Kullum haka yake canja launi?"

"Kullum. Kai ba ka shiga wurin girki a gidanku?"

Gaskiya ba na shiga. Na roƙe ta ta ɗiba mini kaɗan a kofi. Akwai bishiyar lemun tsami a bayan ɗakina, na je na tsinko uku, na yanka ɗaya, na matsa a cikin koren ruwan nan. Inda ɗigon farko ya faɗa, sai wani ɗan jan tabo ya bayyana, ya buɗe kamar fure, ya ɓace. Na ƙara matsawa. Kumfa ya sake tasowa, kofin gaba ɗaya ya juye ya koma ja, har ya fi na farko haske.

Mama ta ajiye ludayi ta matso. Canjin farko ta san shi tun tana yarinya, amma dawowar ba ta taɓa gani ba, don ba wanda zai kashe tsami kuma ya ɓata lemo wajen dawo da shi.

Ta ce, "Sake."

Na zuba kanwa, ya koma kore. Na matsa lemo, ya dawo ja. Muka yi ta yi, ni da ita a tsugune, har kofin ya cika muka juye a ƙwarya muka ci gaba. Sai da muka ji ƙaurin tuwo ta tashi da sauri tana faɗa da yarensu.

Ban iya cin abinci sosai ba ranar. Jimlar nan da na haddace ba tare da ta taɓa ni ba, ashe gaskiya ce, kuma ba a cikin akwatin Turawa take zaune ba. Tana nan a gindin murhu, a gidanmu na Kwandere ma, uwata tana yin ta da hannunta duk mako ina wucewa. Na dubi bangon gidan, da tulun ruwa, da tokar murhu, na ji kamar kowane abu yana da wani hali da yake ɓoyewa, yana jiran a tambaye shi ta hanyar da ta dace.

Na kwashe yammaci biyu ina gwaji kafin in kai aji. Na lura ruwan zoɓo shi kansa mai tsami ne, don haka in ka zuba masa wani tsamin ba ka ganin bambanci sosai. Sai na riƙa ɗiga masa kanwa kaɗan-kaɗan har ya tsaya a tsakiya, ba ja ba kore, wani launi kamar na baƙin gauta. Daga nan duk inda aka tura shi yana tafiya. Na cika kwalba biyu da shi. Na ce wa yara kowa ya zo da wani ruwa daga gida, ko wane iri ne, ban gaya musu dalili ba.

Washegari teburina ya cika da gwangwanayen madara da 'yan ƙoƙuna. Akwai ruwan tsamiya, ruwan toka, ruwan sabulun salo, ruwan da aka jiƙa rogo, ruwan rijiya, ruwan mangwaro ɗanye. Wata Bafulatana da ke wucewa ta ƙofar makaranta da ƙwaryar nono ta tsaya kallo, da ta ji abin da muke nema ta ɗiba mana ludayi guda ta ce a gwada nata. Dogon nan mai gemu kuwa burkutu ya ɗebo daga tulun babansa, sai da warin ya cika aji na gane, na ce tunda ya riga ya zo a gwada shi a zubar kafin hedimasta ya zagayo.

Na jera fararen kofunan ƙarfe da na aro, na zuba ruwan zoɓo a kowanne. Na kira yarinyar da ta tambaye ni.

Na ce mata, "Ranar nan kin yi mini tambaya ban amsa ba. Ban taɓa gani ba a lokacin. Yanzu na gani. Zo ki gani ke ma."

Na ba ta ruwan tsamiya ta zuba da hannunta. Kofin ya yi ja. Na ba ta ruwan toka ta zuba a na biyu, ya yi kore. Da gwangwanin a hannu ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin kofin, ko akwai wani abu da na ɓoye. Daga nan ba wanda ya sake zama a benci. Kowa ya zo ya zuba nasa. Masu ja muka tura hannun dama na tebur: tsamiya, mangwaro, ruwan rogo, nonon Bafulatana, har da burkutu. Masu kore muka tura hagu: toka, kanwa, sabulu. Bafulatanar ta tambaya me aka ce game da nononta, aka ce mata yana ɓangaren masu tsami, ta ce ai wannan ba sai an tara yara ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Na sa suka shafa ruwan toka tsakanin yatsu, suka ji santsi, suka shafa na sabulu, shi ma santsi. Wani ya ce to ai da toka ake dafa sabulu. Ban gaya masa ba, shi ya haɗa da kansa. Ruwan rijiya bai canja komai ba. Ruwan gishiri da na kawo daga gidan Mama ma haka, muka bar su a tsakiyar tebur.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan wannan shi ne kumfan. Duk lokacin da kanwa ta haɗu da tsami sai ya taso, kuma littafina ya ce wata iska ce take fita, wadda wuta ba ta ci a cikinta, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi. Na samo wata babbar kwalbar alewa mai faɗin baki a wurin wani mai tireda. Na daka kanwa na zuba a ciki, na kwarara ruwan tsamiya mai kauri, na rufe da faranti har kumfan ya lafa. Na kunna tsinken tsintsiya na zura a ciki. Bai kai ga ruwan ba ya mutu, kamar an matse shi da yatsa.

Sai wani tunani ya zo mini. In da gaske ta fi iska nauyi, to ya kamata ta zubu kamar ruwa. Na kai aji ba tare da na gwada a gida ba, abin da bai kamata malami ya yi ba. Na kunna fitilar aci-balbal a kan tebur da rana tsaka, na haɗa kwalbata, na karkata bakinta a kan wutar a hankali yadda ruwan ba zai zubo ba. Wuta ta yi rawa ta ci gaba da ci. Na sake, haka. Yara suka fara gunaguni, gumi ya keto mini.

Daga bakin ƙofa na ji an ce, "Malam, tagoginka a buɗe suke."

Hedimasta ne. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya shigo da kansa ya sa aka rufe tagogin katako duka, aka turo ƙofa, ajin ya yi duhu-duhu, sai hasken fitilar da 'yan layukan rana ta tsagar katako. Na zubar da tsohon haɗin na yi sabo, na ƙara kanwa. Na jira. Na ɗauke farantin, na karkata kwalbar.

Ba abin da ya fito daga bakinta da ido zai gani. Amma harshen wutar ya kwanta gefe kamar an ɗora masa hannu, ya yi ƙasa, ya mutu. Wani siririn hayaƙi ya miƙe.

Yara suka zura wa fitilar ido. Ina jin kukan kurciya a kan rufi. Ni kaina da na shirya abin, sai da na yi mamaki. Na zuba abin da ba a gani daga kwalbar da kowa zai rantse babu komai a samanta, kuma ya sauka daidai inda na zuba shi.

Dogon mai gemu ya ce a hankali, "Malam yana da asiri."

Kafin in buɗe baki hedimasta ya ce, "Zo nan." Ya sa shi ya daka kanwar da kansa, ya zuba tsamiyar da kansa, ya karkata kwalbar. Wuta ta mutu. Ya ce masa, "To kai ma kana da asirin yanzu. Je ka zauna." Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya ce a ba shi. Sau uku ya yi, kowane karo sai ya sunkuya ya kawo idonsa daidai da fitilar, yana neman ya ga abin da ke saukowa. A na ukun ya miƙe ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe iska ma iri-iri ce." Ya sa aka buɗe tagogi ya fita.

A makon da ya biyo baya muka shiga maganar narkewa. Na zuba cokalin gishiri a kofin ruwa na juya har ya ɓace. Na ce wannan shi ake kira narkewa. Yarinyar nan ta miƙe, yanzu ta daina jin nauyina.

"Malam, ina ya tafi?"

"Ya narke."

"Na ji. Amma ina yake? Kanwa da tsami da suka haɗu sun yi kumfa, mun ga abin da ya fita. Shi wannan ba abin da ya fita. Ya mutu ne, ɗanɗanonsa ya rage?"

Na ce mata yana nan a ciki, ya rarrabu ne ƙanana-ƙanana fiye da yadda ido zai gani. Ta ce to, ta zauna, amma na ga ba ta gamsu ba.

Da na ba Mama labari da yamma, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce a Keana yaron da bai iya ɗaura zane ba ya san amsar wannan. Sai ta zauna ta ba ni labarin aikin da ta tashi a cikinsa, wanda duk zamana a gidan ban taɓa tambayarta ba. Mata ne ke yi. Su ɗebo ruwan gishiri daga tafki a tuluna, su yayyafa a kan ƙasar da aka share, rana ta busar, su sake yayyafawa. In ƙasar ta yi fari su kankare ta, su zuba a manyan tukwane masu huji a gindi, su kwarara ruwa a kai. Ruwan ya ratsa ya ɗauke gishirin ya bar ƙasar, ya ɗiga a wata tukunya. Shi ake dafawa, wuni guda ana tura itace, har ruwa ya tafi gishiri ya zauna.

Ta ce, "Ruwa ɗauka kawai yana yi, Ticha. Ba ya ci. In wuta ya kore shi, dole ya ajiye kayan mutane."

Ta ƙara da cewa ruwa ma yana ƙoshi. Ban gane ba, sai ta sa na kawo kofi. Ta riƙa zuba gishiri ina juyawa, cokali bayan cokali yana ɓacewa, har muka kai inda na juya na gaji amma yana kwance a gindi. Ta tsoma yatsa ta taɓa a harshe. "Ya ƙoshi. Ko ka juya har gobe, ba zai karɓa ba." Akwai kalmar wannan a littafina, doguwa, na sha rubuta ta a jarrabawa. Tata ta fi, kuma da ita na koyar har na yi ritaya.

Washegari muka hura wuta a bayan aji, muka ɗora ruwan gishiri a murfin gwangwani. Na sa yarinyar ta riƙe faranti mai sanyi a saman tururin, ta lashi ɗigon da ya taru, ta ce salam yake, ba gishiri. Da murfin ya bushe, ga farin ɓawo ya manne. Ta kankara da farce ta sa a baki. Ta daɗe tana tsotsa, sannan ta ce, "Shi ne. Bai canja ba." A nan na samu na nuna musu bambancin abubuwan biyu: kanwa da tsami in sun haɗu sai wani sabon abu ya fito, ba ka iya mai da su yadda suke, amma gishiri da ruwa zama kawai suke yi tare, kowa yana nan da halinsa.

Sauran ƙosasshen ruwan da muka haɗa da Mama na tace shi da hankici na juye a wani faranti mai faɗi, da niyyar in yi wani gwajin. Na ɗora a kan kabad a ɗakina, na rufa masa ƙyalle saboda ƙuda. Aka ba da hutu, na tafi Kwandere taya mahaifina aikin gonar doya, na manta da shi sam.

Mako biyu da 'yan kwanaki na yi. Ranar da na dawo, da hantsi, ina kakkaɓe ɗaki na tuna. Na sauko da farantin na ɗage ƙyallen, ina tsammanin farin ɓawo irin na murfin gwangwani. Abin da na gani ya sa na fito da shi waje wurin haske.

Ruwan ya bushe. A gindin farantin ga wasu 'yan duwatsu garai-garai kamar gilashi, wasu kamar ƙwayar dawa, biyu ko uku sun kai ƙwayar masara. Kowanne murabba'i ne, kusurwa huɗu daidai, gefe a miƙe kamar an ja da rula. Wasu sun hau kan wasu kamar akwatunan da aka jera a tasha. Na san littafi ya ambaci haka, har da zane. Amma zane mutum ne ya yi shi da rula. Wannan kuwa a kan kabad ɗina ya faru, a ɗaki rufe, ba kowa.

Na tafi gidan hedimasta na ari gilashin da yake karanta ƙananan rubutu da shi. Na dawo na samu Mama tana shirin fita kasuwa, na ce ta zauna tukuna. Na ɗora mafi girman a kan baƙin murfin littafi, na nuna mata yadda za ta riƙe gilashin. Ta kai shi kusa, ta ja baya, har ta samu daidai. Sai na ga ta daina motsi.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

"Gishirinki ne. Wanda muka zuba a kofi."

Ta ɗago ta harare ni. Ta ɗauki wani ƙarami ta sa a harshe. Ta sake komawa kan gilashin.

"Wa ya yanka shi?"

"Ba wanda ya yanka. In ruwa ya tafi a hankali, ba wuta, haka yake jera kansa."

Ta ci gaba da kallon ƙwayar gishirin. Matar nan ta fi shekara arba'in hannunta a cikin gishiri. Ta ɗauke shi a ka, ta dafa shi, ya tsattsage mata tafin hannu, ta aurar da 'ya'ya da shi. Na dafuwa da sauri yake fitowa, gari-gari, ba ta taɓa samun dalilin duba ƙwaya ɗaya ba. Can ta miƙa hannu ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa, ta ɗora bayanta a kan dutsen ta danna. Ya fashe gida biyar ko shida. Ta kai gilashin kan gutsattsarin.

Ta ce, "Ticha, zo."

Na karɓa na duba. Gutsattsarin ma kusurwa huɗu ne. Ta fasa ɗaya daga cikinsu, muka duba, haka. Ta ci gaba da fasawa har suka zama ƙura, iyakar inda gilashin ya iya kai mu akwatuna muke gani, ƙanana a cikin ƙanana. Wannan ba ya cikin abin da na haddace. Tare muka gano shi, a kan tabarmarta, kajinta suna kewaya mu.

Ta ce wani abu da yaren Alago, a hankali. Na tambaye ta ma'anarsa, ta ce ba magana ba ce, sunan uwarta ta kira, wadda ta koya mata dafa gishiri. "Ya mutu bai ga wannan ba."

Da aka koma makaranta na nuna wa yara, suka bi layi ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar nan ta roƙi ƙwaya ɗaya ta ƙulle a bakin ɗankwalinta. Daga baya na ji ta yi karatun aikin jinya, ta daɗe tana aiki wajen Arikya, amma ba mu sake haɗuwa ba.

Ita kuwa Mama, a ranar da muka duba gishirin, ba ta bari na mayar da gilashin ba. Ta ce in ɗauko farantin in biyo ta. Muka ratsa kasuwa, ta wajen masu doya da masu riɗi, har layin masu gishiri, inda mata bakwai ko takwas ke zaune a bayan tulin kayansu, yawancinsu 'yan garinsu. Ta yi musu magana da yarensu, suka taso. Gilashin ya riƙa yawo hannu zuwa hannu. Kowace in ta samu daidai sai ta ɗago ta dubi ta kusa da ita. Wata ta ce wannan gishirin Ticha ne, na makaranta, nasu ba haka yake ba. Mama ta ce ta ɗebo nata. Ta ɗebo, aka baza a kan murfin littafina, aka nemi manyan ƙwayoyi a ciki. Ga su nan, ƙanana ƙwarai, wasu sun farfashe, amma kusurwoyin suna nan. Wata ta kawo gishirin garin Awe, aka duba. Wata ta aika aka karɓo ɗan farin gishirin kanti wanda jirgi ke kawowa daga ƙasar Turawa, wanda suke ganin kishiyar sana'arsu ne, shi ma aka duba. Duk fasali ɗaya.

Wani mutum da ya zo sayen gishiri ya gaji da tsayuwa ya ce wai ba mai sallamarsa ne. Wata tsohuwa, wadda layi ya zo kanta yanzu, ta ce masa ba tare da ta ɗago daga kan gilashin ba, "Baba, yi haƙuri ka ɗan jira. Muna duba kayanmu."